Lambar Marigayi Shugaba Seok

Kwana tara na yi ina zagin kwamfuta a ofishinmu na zanen farfelar jirgin ruwa a birnin Ulsan. Rana ta tara na kai mata mari, kofin shayi ya kife mini a wando, daidai inda ba a son jiƙewa. Haka na je gaban Yaya Pyo Gyeong-ja, ina kare mutuncina da jarida.

Lissafina ne ya ƙi zama. Aikinsa shi ne ya riƙa gyara siffar farfela taku bayan taku, yana bin gangara har kuskure ya kai ƙasa. Nawa kuwa ya sauka ya hau, ya sauka ya hau, kamar mashayi a kan tsani. Ga shi Litinin za a gwada samfuri a ruwa. In babu siffa, aikin ya koma wani sashe, ni kuma ɗakin ajiyar takardu.

Yaya Pyo ba ta taka jami'a ba. 'Yar mai haƙar saiwar magani ce a duwatsu, ta shigo kamfanin tana da shekara sha tara, mai buga lambobi. Shekara talatin da huɗu tana buga lissafin injiniyoyi, har ta fi su sanin ciwonsa, amma teburinta na nan bakin ƙofa inda ake ajiye ƙanana. Ba ta yarda da allon kwamfuta ba. Sai an fitar mata a takarda, ta bi da fensir tana tauna busasshen dankali.

"Injiniya Bong, ka gwada gangarar da hannu?"

"Sau biyu, Yaya."

"Ba ka cakuɗa mita da milimita ba, irin na bara?"

"Haba Yaya, a rufa asiri."

Fensirin ya tsaya kan lambar da ke yanke tsawon kowane taku.

"Wannan fa?"

Na rage murya. "Ta marigayi Shugaba Seok ce."

Tsohon shugaban ofishinmu ne. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa ta. Sunansa na rubuce a gefenta, mu kuwa ko kujerarsa ba ma zama.

"Lokacinsa abu uku ake gyarawa, kai ɗari huɗu kake juyawa," in ji ta. "Babana in hazo ya rufe shi a gangara, gajarta taku yake yi. Naka tsallake kwarin yake, ya dira a ɗaya dutsen."

Ta raba lambar gida ɗari. Kafin a kira abincin rana, kuskuren ya gangara a hankali ya kwanta.

Na yi ajiyar zuciya, sai kuma tsoro ya dawo. "Yaya, tun rana ta biyu na zarge ta, wallahi. Amma in manya suka tambayi wanda ya taɓa lambar Shugaba fa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka ce ni ce. Da ma ni na sa ta. Shugaba na saurin zuwa cin taliya ya ce in buga duk abin da na ga dama. Kwana tara kana rusuna wa ɗan yatsana, sakarai."