Ranar da Unguwa Ta Tayar da Ɗakin Iya

Wata Lahadi ce cikin watan Agusta, ina aji uku a firamare, ruwan sama ya kwana uku bai ɗauke ba a unguwarmu ta New Bell. Da hantsi lambatun bayan gidanmu ya tumbatsa, ya zaizaye gindin bangon katako na ɗakin kakata Iya, ɗakin ya durƙusa. Muka fito da ita da tabarmarta da carbinta, ta zauna a baranda tana rawar sanyi. Mu tara ne a sauran ɗakuna biyun, babu inda tsohuwa za ta miƙe ƙafa.

Matsalar ita ce babana. Allah ya jiƙansa, mai gaskiya ne, amma bakinsa ba linzami, kusan ba wanda bai taɓa ba a layinmu. Shi da Malam Garba mahauci kuwa, shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Na ji mahaifiyata tana cewa ƙasa-ƙasa, "Wa zai zo mana?" Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ba a aika wa kowa ba. Ana idar da azahar sai ga mutane, wannan da katako, wancan da kwano da ƙusa, 'yan dakon babbar kasuwa ta Marché Central da buhunan yashi a ka. Mata suka kama kwashe ruwa da bokitai, mu yara muna tsamo takalma daga taɓo. Malam Garba ne a kan tsani, babana na miƙa masa ƙusa, ba mai kallon wani. Kafin magariba Iya ta koma ɗakinta.

Washegari babana ya haɗiye girman kai ya je godiya, ina biye da shi. Malam Garba bai ko ɗago daga naman da yake yankawa ba. "Riƙe mersinka," in ji shi, wato godiyarka. "Da ni kaɗai ne, wallahi ba na zuwa. Unguwa ce ta zo." Suka ci gaba da gabarsu kamar ba a yi ba.

Na yarda da maganarsa har yau. Da an bi mutanen unguwar ɗaya-ɗaya, da yawa za su ƙi, amma da suka haɗu ba wanda ya zauna a gida. Har gobe abin yana burge ni.

Yanzu a bene nake zaune a unguwar Bonapriso. Maƙwabtana mutanen kirki ne, muna gaisawa da fara'a a matakala, ban taɓa saɓawa da kowa ba. Sai dai in bangona ya faɗi, ban san wa zai zo ba.