Hular Dawus a Akurki

Kireste ta yi shekara talatin tana niƙan alkama a gidan wani attajirin Lukaniya, a ƙasar Rum, kafin ya mutu ya bar wasiyya a 'yanta ta tare da mijinta Dawus, mai kiwon alfadarai. Ranar aka aske kan Dawus ƙwal, aka kifa masa hular gashin tumaki irin ta 'yantattu. Kwana biyu ya sa ta ya ce tana masa ƙaiƙayi. Namiji ke nan, ko 'yanci ka ba shi sai ya sami abin susa. Kireste ta jefa hular a akurki, kaza ta mai da ita wurin ƙwai.

Bayan shekara biyar bayin gonaki suka yi bore, suka hau tsauni da lauje da wuƙaƙen girki, suka kori rundunar Rum har sau biyu. Dawus ya ce zai bi su.

"Da wannan gwiwar?" in ji Kireste. "Tsoho, alfadarinka ma sai na kamo maka."

Ya zauna. Amma tabon ƙarfen bauta yana nan a wuyansa, tabo kuwa bai san wasiyya ba.

A karo na uku Rumawa suka ci yaƙi. Sojoji suka bazu ƙauyuka, duk mai tabo a wuya sai a ɗaure shi a kai bakin hanya a gicciye shi. Kireste ta riƙa zuba wa miya gishiri sau biyu, idonta na kan hanya. Ko jaki ne ya taka dutse sai ta leƙa waje.

Wata rana da hantsi sojoji suka iso, su huɗu, busasshen jini a takalmansu. Dawus na tsakar gida, kai a buɗe, furfura ta cika shi. Babbansu ya ɗaga masa haɓa da tsinin takobi.

"Tsohon kare, daga wace gona ka tsere?"

"'Yantacce ne, ranka ya daɗe!" Muryar Kireste ta fito kamar ta wata.

"Yau kowa 'yantacce ne, iya. Ina hularsa?"

Ta nufi akurki. Kazar na kwance, ta sassare mata hannu. Ta fizgo hular, ta dawo da gudu ta kifa wa mijinta, ƙwai biyu a ciki. Gwaiduwa ta gangaro ta bi ta kan tabon.

Sojan ya sa yatsa ya ɓanɓare kashin kaza daga gefen hular, ya daɗe yana dubawa.

"Bawan da ya saci hula jiya ba zai samo ta da kashin shekara biyar ba," ya ce, ya mai da takobi kube. "Ku kama kazar."

Dawus ya sa hular nan har ya mutu, yana susa yana gunaguni. Kireste kuwa ba ta taɓa yarda a wanke ta ba, kuma ba ta taɓa yafe masa kazarta ba.