Labulen Mai Hoto

Har yau Mai Hoto ake ce masa a layin, ko da yake shagon da ya ba shi sunan ya daɗe da komawa wurin sayar da caja da murfin waya. Wannan ne ya fi ci masa rai. Waya ce ta kashe masa kasuwa, ita ce kuma ta gaje masa shago. In hanya ta biyo da shi ta wurin sai ya tsallaka titi, wai wancan gefen ya fi inuwa.

A zamaninsa kuwa, kai! Sai mutum ya yi wanka, ya shafa mai, ya ari takalmi kafin ya zo gabansa. Ya zaunar da kai, ya ɗaga maka haɓa da yatsa biyu, ya ce kada ka motsa. In hoton ya fito ya ɗauki ɗan siririn burushi ya share maka ƙurji, ya daidaita maka gira, ya ɓatar da tabon da ka zo da shi duniya. Ba wanda ya taɓa fita daga shagon nan da muninsa.

Kyamarorin sun mutu ɗaya bayan ɗaya, fitilun ya sayar. Abin da ya rage masa shi ne labulen da ake tsayawa a gabansa, wani ƙaton yadi mai kauri da aka zana wa gidan bene da matakala da tafki, da agwagi biyu a kan ruwan. Ɗaya agwagwar mai zanen ya yi mata wuya kamar ƙugiyar rataye riga. A naɗe yake a ƙarƙashin gado, kuma duk wanda ya tambaya sai Mai Hoto ya ce ai shago zai sake buɗewa, lokaci yake jira.

Lokacin bai zo ba. Abin da ya zo shi ne ranar da matarsa ta faɗi a bakin banɗaki. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya karkace. Da ta dawo daga asibiti, abu na farko da ta sa aka yi shi ne a sauke madubin ɗaki. In baƙi sun shigo sai ta ja gefen mayafi ta rufe bakin. Ko ranar auren autarsu, da aka zo ɗaukar hoto, bango ta juya wa fuska. Matar mai hoto ke nan fa.

Wata 'yar ƙungiya ce ta tallafe su, ta masu irin wannan ciwo, ɗaki biyu a bayan wani kantin magani. Wata tsohuwar nas ce ke riƙe da ita, kowa Sista yake ce mata. A ɗaki na ciki akwai ƙarafa biyu da ake dafawa a koyi tafiya, da keken motsa jiki mai ƙara, da ƙwallayen roba, da likitan motsa jiki wanda ke zuwa yana lanƙwasa gaɓoɓin da suka ƙi jin magana. Ba a karɓar ko sisi. Mai Hoto ya tura matarsa a keken guragu zuwa can har ƙafar keken ta san kowane rami na titin. A ɗakin nan ta fara ɗaga kofi da hannun hagu, ta zubar da rabin ruwan a cinya, tana dariya tana kuka.

Sai masu ba da taimako suka gaji, kamar yadda kowa ke gajiya. Sista ta kira waya har aka daina ɗauka. Daga nan ta ɓullo da dabarar gwanjo a intanet. Wanda ba zai iya rabuwa da kuɗinsa ba, in ji ta, ai zai iya rabuwa da tarkacen da ya cika masa ɗaki. A ɗauki hoton kaya a sa a shafi, masu so su yi ta tayawa, wanda ya fi tayi ya ɗauka.

Tarkace kam an kawo, Allah ya saka. Fanka marar murfi, agogon bango da ya tsaya tun ba a haifi mai kawo shi ba, tukunyar lantarki da ba igiya, takalmin amarya da aka sa sau ɗaya. Sista ce ta fara ɗaukar hotunan da kanta, kowanne da babban yatsanta a kusurwa da bango mai tabon ruwa a baya. Mai Hoto ya leƙa wayar ya ji kamar an zage shi.

"Haba Sista! Wannan ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

"To Malam, ga waya, ga ka."

Washegari ya zo da labulen a kafaɗa. Ya rataye shi a ɗakin gaba, ya jawo tebur kusa da taga, ya karɓi wayar da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mushen ɓera. Ya zaunar da fanka a gaban gidan bene ya juya ta ta gefen da ba lamba. Mutumin da ya ɗauki amare da sojoji da jarirai, yau ga shi yana ce wa tukunya kada ta motsa. Bayansa ya yi ta ciwo, gwiwarsa ta yi ta ƙara, kayan kuma suka riƙa tafiya a hankali, da tayin da bai taka kara ya karya ba.

Sai aka fara rubutu a ƙarƙashin hotunan. Ba wanda ya tambayi fanka.

"Labulen nan na baya, shi ma na sayarwa ne?"

"Wallahi wannan agwagwar tana cikin hoton auren iyayena!"

Mutane suka shiga tono tsofaffin hotuna suna sawa. Ga wani da wando mai faɗin ƙafa, ga wata da jariri a cinya, ga 'yan makaranta an jera su tsawo-tsawo, duk a gaban matakala ɗaya. Mai Hoto ya gane aikinsa a kowace fuska, har ya tuna waɗanda ya share wa ƙurji.

Sista ta bari sai da aka watse ta zauna kusa da shi a benci.

"Malam, kana ganin abin da ake rubutawa."

"Albarka," in ji shi, bai ko dube ta ba.

"Ban ma taya ba tukuna."

"Ko kin taya."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ita ma ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. "Likitan nan wani asibiti ya kira shi. Yana da iyali, ba zan ga laifinsa ba. In ba mu riƙe shi ba, ɗakin cikin nan rufewa zan yi. Fanka da agogo ba za su riƙe shi ba, kai ma ka sani."

Mai Hoto ya tura matarsa a keken zuwa gida, ya faɗa ramin da ya saba kaucewa. Da ya gyara wa matarsa zama a tsakar gida ta bi shi da ido. Maganarta a hankali take fita, tana jan harshe, amma shi ba ya rasa kalma ɗaya.

"Wa ya taɓa ka?"

Ya gaya mata. Ta ce, "Wa kake ajiye wa shi? Ɓeraye?"

"Shago zan buɗe."

"Malam."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya ishe shi. Ya zauna a bakin tabarma. Shi ma ya san ba wani shago. Ya daɗe da sani, faɗa ne bai taɓa yi ba.

"A gabansa na fara ganinki," ya ce.

Hoton katin makaranta ta zo yi a ranar, ita da ƙawarta. Ya ɗauka, ya ce ta ƙifta ido, a sake. Ya sake, ya kuma ce ta ƙifta. Sai da ƙawar ta fara tsaki.

"Ban ƙifta ba," in ji ta yanzu, bayan duk shekarun nan.

"Na sani."

Shi da kansa ya ɗauki hoton labulen don gwanjo. Bai taɓa ɗaukarsa babu komai a gaba ba, sai ya ga gidan benen kamar an tashi daga cikinsa. Sista ta sa a shafi, waya ta fara ƙara. Duk wanda ya ƙara tayi sai ta yi ƙara, Sista ta ce "Madalla!", shi kuma ya kawar da kai. Ya fita ya zauna a dakalin kantin magani yana kallon motoci har aka rufe tayi.

Wata mata ce ta ci, daga wata ƙasa mai nisa. Ta rubuta cewa hoton mahaifinta ɗaya tak ya rage mata, a gaban wannan tafkin. Likita ya yarda zai zauna. Kuɗin zai kai su wani lokaci, bayan nan kuma a sake neman abin sayarwa. Mai Hoto ya san shi dai ba shi da sauran komai a ƙarƙashin gado.

Ranar da za a aika da shi, Sista ta kawo kwali da igiya. Ya hau kujera zai cire ƙusa, sai ya ji muryar matarsa daga ƙofar ɗakin ciki, ta gama motsa jiki, gumi a goshi.

"Dakata. Tura ni can."

Ya sauko ya tura ta gaban matakalar. Ta dafa hannun keken da dama, ta yunƙura, ta koma, ta sake yunƙurawa har ta miƙe, ƙafar hagu tana rawa. Sista ta matso za ta riƙe ta, ta girgiza kai. Sannan ta saki gefen mayafin da ke rufe bakinta.

Sista ta miƙa masa waya. Hannunsa ya tafi da kansa, yatsa biyu a haɓarta, zai juya fuskar ta gefen da ciwon bai taɓa ba.

"A'a. Ta gaba," ta ce. "Kuma kada ka gyara komai."

Ya ja baya ya ɗaga wayar. Ga ta nan a gilashin, da furfura, da bakin da ya karkace, da agwagwa mai wuyan ƙugiya a saitin kafaɗarta. Ya danna. Ya duba, amma bai ga komai ba, idonsa ya cika.

"Kin ƙifta," ya ce.

"Ban ƙifta ba, Malam."

"Na sani. Tsaya dai."