Jakin Baba Sale da Jirgin Makka

Kwana uku bayan ƙaramar salla ta shekarar 1957, da hantsi, muna sharar gona a bayan ƙauyenmu da ke kusa da Sheme, sai muka ji wani rugugi daga arewa, ga shi kuwa babu ko ɗigon hadari a sama. Na yar da tsintsiyar ƙayar da ke hannuna na ɗaga kai, na hango wani abu fari yana walƙiya cikin rana, ƙarami kamar zalɓe, yana tafiya a miƙe ba ya kaɗa fiffike. Kakanmu, wanda muke kira Malam, ya dogara da sandarsa yana kallonsa har ya ɓace, sannan ya yi tasbihi ya ce, "In Allah ya so, bana a cikin irin wancan zan tahi Makka." Shekaruna goma a lokacin, kuma daga wannan safiya duk karan dawar da ya shigo hannuna sai na fere shi na yi masa fiffike.

Gidanmu babba ne, sassa huɗu, rumbuna shida a jere ta wajen garka, turken awaki a gindin tsamiya, zaure kuma shi ne makarantarmu. Da asuba mu karanta allo a gaban Malam, wanda ya koya mana rubutun ajami tun kafin mu san akwai wani rubutu da ake farawa daga hagu. Da hantsi mu tafi elementare, da la'asar mu yanko ciyawa, mu ɗebo ruwa, in an samu sarari mu yi langa har a kira magariba. Ƙanen mahaifina, Baba Sale, shi ne mai jakai. Yana da guda biyar, kuma duk abin da gidanmu zai kai kasuwar Yankara a bayansu yake tafiya.

Da aka tsayar da maganar tafiyar Malam, aka ce mutum biyu ne za su raka shi Kano a mota, Baba Sale da yaro guda mai riƙe buta da buzun salla. Mu jikoki maza goma sha ɗaya ne, kowa ya sa rai. Ni har abinci ya daina shiga mini. Baba Sale ya raba gardamar da cewa duk wanda ya yi wa jakinsa Goho lodi da hannunsa, kayan suka isa Yankara ba a tsaya gyara a hanya ba, shi ne ɗan rakiya. Kasuwa biyu kawai suka rage kafin tafiya.

Na riga kowa zuwa turke a kasuwar farko. Na ɗora akumari a bayan Goho, na shimfiɗa mangala a kai, na cika gefen dama da dawa, na cika na hagu da busasshen barkono, na ja da baya na duba. Tudun nan da na can daidai suke, ko tsinke bai fi ba. Baba Sale ya kalla, ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci, ban kuma gane dalili ba sai da muka kai gangaren rafi. Can dawa ta rinjayi barkono, mangalar ta juya ta koma ƙarƙashin cikin Goho, barkono ya watse, shi kuma ya bi ta kai yana tattakewa. Jaki ya yi atishawa, na yi, matan da ke bayanmu ɗauke da ƙwaryar nono suka yi, har wani mai keke ya sauka ya zauna a bakin hanya yana hawaye yana tambayar ɗan wane ne wannan. Sai da na tsince barkonon nan ɗaya ɗaya, Baba Sale na zaune a inuwa. Da na gama ya ce, "Lawal, idonka ka tambaya. Gobe ka tambayi hannunka."

Kwana bakwai na yi ina tambayar hannuna. Ya nuna mini yadda ake rufe ido a ɗaga kowane ƙunshi a ji nauyinsa, yadda ake raba mai nauyi gida biyu a sa shi ƙasa, mara nauyi ya hau sama, in kuma gefe guda ya gaza kaɗan a nemo dutse a cike. Ya ce a bi bayan jaki taku ashirin ana kallon ƙugunsa, domin shi zai faɗi gaskiyar lodin. Na samo wata 'yar takarda na ja layi a tsakiya, na rubuta da ajami abin da ke dama da abin da ke hagu. 'Yan uwana suka sa mini suna Malamin Jaki, bakwai daga cikinsu kuwa tun ranar atishawa suka janye.

Ranar kasuwa ta biyu na gama lodi tun rana ba ta fito sosai ba, na ɗaure, na bi bayan Goho na ga yana tafiya lafiya lau. Muna bakin zaure sai ga kakata, Inna, da ƙullin kanwa mai nauyin gaske, za a kai wa ƙanwarta. Ta cusa shi a gefen dama tana cewa, "Maigidana, ɗan wannan ai ba kaya ba ne. In ka ƙi, yau ba ni ba kai, auren ya mutu." Mutanen gida suka yi dariya, sauran jakai har sun yi nisa. In na ƙi, na ƙi kakata a gaban jama'a, in na bari, na san abin da ke jirana a gangaren rafi. Na durƙusa na ce, "Inna, za a kai, amma ki ba ni izini in kwance." Na sauke komai, na fasa kanwar gida biyu, na sake aunawa, na gyara rubutuna. Mun isa Yankara rana ta take, masu sayen dawa na farko sun watse, amma ko sau ɗaya ba a taɓa igiyar nan a hanya ba. Har yau ina zargin Inna da Baba Sale sun haɗa baki, kuma dukansu sun koma ga Allah ba su amsa ba.

Haka na riƙe buta har filin jirgin Kano. Na zaci girman jirgin ne zai fi ba ni mamaki, sai wani sikeli ya ɗauke hankalina. Wani ma'aikaci yana ɗora kayan kowane maniyyaci a kai, yana rubutawa. Da aka zo kan na Malam, ma'aikacin ya ce cikin ladabi kayan sun yi nauyi, sai ga tukunyar Inna da garin dawa da daddawarta an fitar an miƙo mana. Baba Sale ya sunkuyo ya raɗa mini, "Ashe jakinsu ma ba ya son ƙari." Malam ya dafa kaina ya yi mini addu'a, ya shiga, ya kuma dawo mana Alhaji.

Shekaru da yawa bayan haka, da na gama jami'a, wani kamfanin jiragen sama ya ɗauke mu horon manajoji. Wurin da aka fara tura mu shi ne sashen lodi. Wasu abokaina suka ɓata rai, wai da digirinsu za a haɗa su da akwatuna. Ni da aka miƙo mini takardar da ke nuna nauyin gaban jirgi da na bayansa, sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙon wuri. Na yi aiki har na yi ritaya, kuma sau da yawa manyan mutane sun zo mini da ɗan ƙullinsu bayan an rufe lodi, na ba su amsar da na ba Inna, da irin ladabin da na ba ta.

Yanzu inji ke yin lissafin kafin a ƙifta ido, samarin da ke neman wannan aiki kuma suna zuwa wurina da takardu masu kyau suna tambayar abin da za su karanta. Ina gaya musu abin da na sani, ina yi musu addu'a. Turken Goho ya zama shago, babura ke kai dawa Yankara, babu mai rufe ido ya ɗaga kaya. Ni dai har gobe, in na ji rugugi a sama, hancina ne ke fara yi mini ƙaiƙayi.