Hoton Kangon Jamusawa a Shagon Yaya Bashir

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Bashir makwancinsa, kuma har yau in na haɗu da tsofaffin unguwar Sharafiyya ta Jidda, kafin su tambaye ni iyali sai sun tambayi hoton nan.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A tashar jiragen ruwa ta Jidda ya yi aiki, ɓangaren rediyo, kafin ya ajiye ya buɗe shagon gyara. Yana saurayi aka tura shi kwas Sifaniya. Abokan tafiyarsa suka dawo da agogo da turare, shi kuwa ya dawo da hoton kango: dandamalin siminti a tsakiyar ciyawa, ƙarafa masu tsatsa, da wata saniya tana kallon mai ɗauka. Ya sa masa gilashi ya rataye a shago. Ni na fi kowa yi masa tsiya, ina cewa an tura shi karatu ya dawo da saniya.

Lokacin aikin hajji ne abin ya fi ba ni dariya. Alhazan Najeriya kan shigo shagon, su ga hoto cikin gilashi a ƙasa mai tsarki, sai su ɗauka wani wurin ziyara ne da aka manta ba a kai su ba. Wani dattijo daga Katsina har ya shafa gilashin ya shafa a fuska, ya ce lallai a kai shi gobe.

Yaya bai yi dariya ba. Ya zaunar da shi, ya zuba masa shayi, ya gaya masa tashar rediyo ce da sojojin Jamus suka gina a yaƙin duniya na biyu, tana aika ƙara ta iska don jiragen yaƙinsu su gane hanya. Da yaƙi ya ƙare ba a kashe ta ba, masunta da jiragen kaya suka ci gaba da binta har su iso gida. Ya ce da ƙafarsa ya auna dandamalin, taki goma sha ɗaya.

"Ya Haj, don kisa aka gina ta," in ji shi, "amma ta fi daɗewa tana mai da mutane gida. Halas, magana ta ƙare, abin da ya sa na rataye hotonta ke nan."

A ranar na daina tsiyar saniya, kodayake ban taɓa gaya masa ba. Wannan yana damuna har yanzu.

Yau kowa na da waya mai nuna masa hanya har ƙofar gida. Na san da yana raye ba zai yi ƙorafin zamani ba. Zai karɓi wayar jikarsa ne ya kwance ta da sukundireba don ya ga ta ina take jin ƙarar.

Bara mai ginin ya sayar, aka rushe shagon. Na yi wata biyu ban bi ta layin ba, don ina tsoron in tarar babu abin da ya rage na Yaya. 'Yarsa Hafsa ce ta matsa. "Yalla, Baffa, mu je mu gani kawai."

Muka tarar da fili fetal. Amma a bayan inda shagon yake, ga ɗan simintin da ya zuba da hannunsa ya kafa doguwar eriyarsa, da kusoshi huɗu masu tsatsa. Ban san lokacin da na fara aunawa da ƙafa ba. Taki biyu ne kacal. Hafsa ta ɗauki hoto, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin komai.

Yanzu hotunan biyu suna rataye a falona a unguwar Aziziyya. Hajjin bana wani baƙo daga Zariya ya nuna sabon ya tambaya ko wurin ziyara ne.

Na ce masa, "Wannan kam, sa takalminka, zan kai ka."