Ƙararrawar Gwaggo

Duk sabon ma'aikacin da aka kawo gonar sola, ba ya kwana biyu sai ya leƙo tagar ofishina ya ce, "Malam Akawu, wai tsohon nan lafiyarsa ƙalau kuwa? Me ya sa yake yawo da ƙararrawa a gwiwa?" Nakan ce ya jawo benci ya zauna. Ni ne akawun bakin ƙofa tun ranar da aka kafa ƙarfen farko na shinge. Duk abin da zai shiga ko ya fita ta gabana yake wucewa, don haka a wannan labari ni ganau ne, ba jiyau ba.

Kafin a laƙaba masa Mai Ƙararrawa, Baba Makiyayi ake ce masa. A gidan da ke gefen filin nan aka haife shi, kuma a filin ya koyi kiwo wurin mahaifinsa. Ya taɓa gwada birni yana saurayi, ya yi dako a kasuwa na ɗan lokaci, ya dawo ya ce can mutane sun fi tumaki wuyar kora. Tun daga nan bai sake nisa ba. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, gida ya rage daga shi sai matarsa Inna, sai garken tumakinsa da wata akuya guda ɗaya tilo.

Filin na gari ne, tsakuwa ta yi masa yawa, ba ya noma. Da kamfani ya zo neman hayarsa don ya shimfiɗa farantan sola masu mayar da hasken rana wutar lantarki, mutanen gari suka yi na'am, tunda za a jawo musu wuta kuma matasa za su samu aiki. Baba bai ja da kowa ba a wurin taron da aka yi kan maganar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wuta alheri ce. Sai dai tunkiya ba ta cin wuta." Aka yi dariya aka wuce.

Aka zagaye filin da waya. Farantai suka jeru layi bayan layi har iya ganin ido, suna ƙyalli kamar tabki. Baba ya koma kiwo a bakin titi da gefen gonakin mutane, tafiya mai nisa ga mutumin da gwiwoyinsa suka fara ƙara. Tumakin suka rame. Wata babbar mota ta buge masa rago. Ɗansa da ke birni ya yi ta waya yana cewa a sayar a huta, Inna ma ta goyi bayansa. A ƙarshe Baba ya yi mata alkawari: in damina ta wuce bai samu wurin kiwo ba, zai kai garken kasuwa. Da ya faɗa mini haka bai dube ni ba, ƙasa yake kallo yana tona ta da sanda.

Mu kuma a cikin shinge wata matsala ce ta dame mu. Inuwar farantai da ruwan da ake wanke su da shi suka sa ciyawa ta yi tashin da ba ta taɓa yi ba a wannan fili. Ta fara rufe gefen farantan, kuma in ta bushe tsoron gobara ake yi. Injin yankan ciyawa da aka kawo yana harbo tsakuwa yana tsaga gilashi. Injiniyarmu, mace ce mai ƙarancin magana, ta ce ta ga inda ake sa tumaki wannan aiki. Ta ce in kira mata Baba.

"Baba, ga ciyawa, ga inuwa, ga ruwa," in ji ta. "Ka shigo da tumakinka. Sharaɗi ɗaya ne: ban da akuya. Akuya tana hawan faranti, tana kuma tauna waya."

"An gama, 'yata," in ji Baba, yana murna har da tafa hannu.

Washegari ya iso da garken, akuyar tana gaba da 'yar ƙararrawa a wuya. Gwaggo yake kiranta. Uwarta ta mutu tana jaririya, nonon tunkiya ta sha, kuma tun da ta girma ita ke jan garken: in ta tafi su tafi, in ta tsaya su tsaya. Baba ya ɗaure ta a jikin bishiyar da ke gefen ofishina, ya kora tumakin. Suka zo bakin ƙofa suka toge. Ya yi fito, ya yi tsawa, ya tura na baya, ko gezau. Duk sun juyo da kai suna kallon bishiya.

Sai ya tuɓe hula ya je gaban Injiniya.

"'Yata, ki dube ta da kyau. Gwaggo ai ba akuya ba ce. A cikin tumaki ta tashi, ita kanta ba ta san akuya ce ba. Ga tsufa. Ina ita ina tsalle?"

Injiniya ta dubi Gwaggo, ta dubi furfurar Baba, ta ce a gwada sau ɗaya.

Gwaggo ta shiga cikin taƙama, garke na biye da ita. Ta ɗan ci ciyawa kamar mutuniyar kirki. Tana isa layin da ya fi kusa da ƙasa, sai muka ji ƙwaras! Ga ta a tsaye a kan faranti, kofato a kan gilashi, ta miƙa wuya tana jan waya da haƙori.

"Baba," in ji Injiniya a hankali, "ga alama ta tuna."

Mai gadi ya yi dariya har ya riƙe ciki. Baba ya nufi farantin. Ya sauko da ita, ya fitar da garkensa, kunya ta hana shi sallama. Injiniya ta ce in gaya masa ƙofa a buɗe take ga tumakinsa, amma ciyawa ba ta jira. In abin ya gagara, dole ta nemi wani makiyayin.

Ba dabarar da bai gwada ba a kwanakin da suka biyo. Ya zuba dusa a ciki, suka shiga suka cinye suka ruga waje wurin Gwaggo. Ya saɓa ɗan rago a kafaɗa ya shige, uwar kaɗai ta bi shi. Ya bar Gwaggo a gida, garken ya ƙi barin gida.

Wata rana da yamma na biya gidansa in gaishe shi. Na tarar da shi a kan tabarma a tsakar gida ya yi tagumi, Inna tana tankaɗe dusa a gefe.

"Malam Akawu, sannu da zuwa," in ji ta. "Zo ka ga sarkin makiyaya da akuya ta kayar."

"Ke dai bari," in ji Baba. "Kasuwa ce ta kira su, shi ke nan. Ai abin da kike so ke nan."

"Ni na ce ka sayar don kada titi ya cinye ka, ba don ina ƙin su ba. Amma kai da kake cika baki ka fi kowa sanin tunkiya, a ina kanta yake in tana kiwo?"

"A ƙasa mana."

"To da wane idon take ganin Gwaggo? Ni da nake zaune a gida, ƙarar nan nake ji in san kun dawo. Su ma jinta suke yi."

Ta tashi ta kwance ƙararrawar daga wuyan akuyar ta miƙa masa. Baba ya ce to sai a rataya wa babban rago. Aka rataya. Ragon ya ji abu na kuka a wuyansa, ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, idanu a waje.

"Saura kai," in ji Inna.

"Ni? Da furfurata? A ce a gari na zama akuya?"

"Ka ƙare rayuwarka kana bin akuya a baya, Malam. Yau ka shiga gaba mu gani. In kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza."

Ya ɗaura a ƙugu, tumakin suka ɗaga kai suka mayar. Shi da kansa ya gano cewa ƙarar ta yi sama da yawa, ya sauke ta zuwa gwiwa, daidai tsayin wuyan Gwaggo. Sannan ya shiga kwaikwayon tafiyarta: ɗan taku, a tsaya kamar ana tsinkar ganye, a girgiza, a ci gaba. Inna ta toshe baki da gefen mayafi. Ni kuwa na mai da ido kan takalmana don girmansa.

Da safe labari ya riga shi isowa, masu wanke farantai duk sun ajiye bokiti sun taru. Gwaggo ta jawo garken har bakin ƙofa. Baba ya kwance ƙararrawar ya ɗaura a gwiwa, ni kuma na ja Gwaggo bayan ofis inda ba za su gan ta ba, na cika mata baki da ganye don kada ta yi kuka.

"Gwaggo ta biyu, a sauka lafiya!" in ji mai gadi.

Baba bai waiwaya ba. Ya shiga da ɗan takunsa, ya tsaya, ya girgiza ƙafa, ya ci gaba. Tumakin suka yi cirko-cirko. Can sai wata tsohuwar tunkiya ta sunkuyar da kai ta bi ƙarar, wata ta bi ta, sai garken duka ya kwarara ciki kamar an buɗe rariya. Injiniya ta tsaya har suka ɓace a ƙarƙashin farantai, ta gyaɗa kai, ta koma bakin aikinta.

Damina ta wuce ba a je kasuwa ba, wasu ma sun wuce bayanta. Tumakin sun yi ɓulɓul, ciyawa ta kwanta kamar an yi mata aski, an mayar da injin yanka sito. Baba yakan bi layi-layi da garkensa, in rana ta take ya shimfiɗa buhu a inuwar faranti ya miƙe ƙafa. Sunan da aka laƙaba masa don tsokana shi ya fi so yanzu. In ka ce Baba Makiyayi sai ya yi kamar bai ji ba. Wuta ta iso gidansa, Inna tana tsefe kan jikokinta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, tana kuma faɗa wa duk wanda ya zo cewa ita ta ɗauki mijinta aiki.

Gwaggo kuwa a bayan ofishina take wuni. Ta taɓa zuro kai ta taga ta cinye mini gefen takarda, tun daga nan na matsar da tebur. Hali zanen dutse.

Da yamma nakan ji ƙarar tana matsowa daga cikin layuka, sai in kwance igiya. Baba yana fitowa ya durƙusa da ƙyar, ya cire ƙararrawar daga gwiwarsa, ya mayar mata a wuya.

"Karɓi kayanki, Gwaggo," yakan ce. "Na tashi daga aiki."

Sai ta girgiza kai ta kama hanyar gida, garke ya bi ta, shi kuma ya saɓa sanda a kafaɗa ya bi su a baya.