Ranar da Na Yanke wa Sikira Hukunci

Wata Litinin ce da damina, gero ya kai gwiwa, ina aji biyar a firamare a Bodinga, na zauna a kan tushen darbejiyar bayan ajinmu da tulin fararen ƙyallaye a kaina, wai ni alƙaliya. A rumfar ɗinkin Babana na tsinto ƙyallayen, na harhaɗa su da zare don su yi kama da abin da alƙalai ke ɗorawa a talabijin. A wancan lokacin ba abin da ake ji a gari sai kotu. An yi zaɓen shugaban ƙasa, ɗan takarar da mutanenmu suka fi so ya faɗi, ya kai ƙara, aka yi ta jan shari'a har babbar kotu ta ce wanda ke kan mulki, mutumin Kudu, shi ya ci. Mu ma sai muka ajiye carafke da 'yar gala-gala muka koma wasan kotu. Ƙarar da ke gabana ran nan ta zaɓen monita ce: Sikira ta kayar da Hadiza, Hadiza ta ce ba ta yarda ba.

Sikira kuwa ƙawata ce tun ba mu san ɗaura zane ba. Tare muke jan guga a rijiya, tare muke tsinko tafasa a bakin gona, in an ba ni surfe ta kama tabarya ɗaya mu yi lugude. Mahaifinta, Baba Lamidi, Bayarabe ne mai gyaran keken ɗinki, yana bin kasuwannin Bodinga da Shagari da jakar ƙarafansa. Mu kuma Gobirawa ne, kuma kowa ya san akwai wasa tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Da Babana ya hango shi zai ɗaga murya: "Ga bawana nan tafe, ku ɓoye manja!" Shi kuma ya ce, "Ji wanga da kaza ta yakushe wa kumatu, yaushe bawa ya samu baki?" Su yi ta yi har masu jiran ɗinki su riƙe ciki. Ni da Sikira mun gaji wannan. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "baiwata" take ce mini, ni kuma in ce mata 'yar masu barkono. Bakina bai da linzami tun can, ita kuma ta fi ni, duk abin da na jefa mata sai ta mayar mini da biyu.

Shi ya sa da na gama sauraron shaidu, na ƙwanƙwasa dutse a tushen itacen, ban ji ɗar ba. Na gyara murya na faɗi abin da na ji manya suna faɗi a kwanakin: "Kotu ta soke zaɓe. Ke ba ɗiyar nan ba ta. Ku kun saye kotu, ki koma garinku." Yara suka kwashe da shewa. Ni kuma na tsaya ina murmushi, ina jiran ta wanke ni tas kamar kullum. Ba ta yi ba. Ta dube ni, ta ce da Sakkwatancinta da ya fi nawa nauyi, "Wane gari, Asabe?" Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ran nan. Ta ajiye allin monita a ƙasa, ta ɗauki jakarta ta fita tun ba a tashi ba.

A gida na ba Inna labari, ina neman ta ce Sikira ce ta cika fushi. Inna ta saki muciya ta zuba mini ido. Ita ta gaya mini abin da ya faru ranar da aka karanta hukunci a rediyo. Maza sun cika rumfar Babana ana ta musu, Baba Lamidi na tsugune yana gyaran keke, Sikira ta kawo masa abinci. Wani daga cikin mutanen ya nuna shi da yatsa ya faɗi wannan magana, irin wadda na faɗa sak, ba kuma da dariya ba. Kowa ya juya ga Babana, don shi ke da ikon mai da ita wasa da kalma ɗaya, ko ya tsawatar. Babana ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yanka yadi. Abin da ya fi girgiza ni, Inna ta ce ranar zaɓe Babana da Baba Lamidi tare suka bi layi, kuma mutum ɗaya suka dangwala wa. Na ce to gobe zan ce wa Sikira wasa nake. Inna ta ce, "Magana zarar bunu ce."

Kafin a yanke gero su Sikira sun koma Shagari. Keken Babana ya lalace bayan nan, ya ɗora shi a mota har Sakkwato, ga Baba Lamidi kusa amma ya kasa aika masa. Har ya rasu ban sake jin ya kira kowa bawansa ba.

Yanzu ina aikin jinya a Shagari. Duk bayan zaɓe sai an koma kotu, musun da ake yi a rumfa ya koma cikin waya, kuma ina ganin yara suna tura wa juna maganganun da ba su san nauyinsu ba. Sikira na da shagon yadi a kasuwa, 'ya'yanta huɗu, duk a nan aka yanke musu cibiya. Na je na ba ta haƙuri tun zuwana, ta ce ai yarinta ce, ya wuce. Takan tashi ta ba ni kujera, ta ce, "Hajiya Asabe, an tashi lahiya? Ina gajiya?" Ranar nan na daure, ina taya yadi, na ce mata 'yar masu barkono ta cika tsada. Ta yi murmushi, ta rage mini kuɗin, ta yi mini godiya. Na fito ina share ido da gefen mayafi. Shekaru ke nan ina jiran ta ce mini baiwata.